Ba kowane rashin jini ba ne ke son ƙwayar ƙarin jini

A jahar Maraɗi, da zarar an ga mutum ya ɗashe, ko yana yawan jiri da kasala, sai a yanke hukunci cewa jininsa ya yi ƙasa. Abin da ke biyo baya sananne ne: a nufi mai tallar magani a bakin kasuwa ko a tasha, a sayo jajayen ƙwayoyin nan ko ruwan kwalba da ake kira maganin ƙarin jini. Galibin waɗannan magunguna sinadarin ƙarfe ne a cikinsu, wanda ma'aikatan lafiya ke kira « fer » da Faransanci. Ga mutane da yawa ƙarfen ne jikinsu ke nema. Amma akwai waɗanda ƙarfe ya riga ya yi musu yawa, kuma ƙarin da ake ba su cutar da su yake yi a hankali, ba tare da sun sani ba.

Dalilin hakan yana cikin yadda aka gina jikin ɗan Adam. Jiki yana da ƙofar shigar da ƙarfe, yana kuma da mai gadin wannan ƙofa, amma ba ya da hanyar fitar da wanda ya yi yawa. Ruwa ko gishiri in sun wuce kima, ƙoda tana zubar da su ta fitsari. Ƙarfe kuwa in ya shiga, ya zauna ke nan.

Ƙusa ɗaya a cikin jiki

Duk ƙarfen da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, wato nauyin ƙaramar ƙusa. Kusan kashi biyu cikin uku yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, a wani sinadari mai suna hemogulobin, wanda ke ɗaukar iskar numfashi daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Saura yana ajiye a hanta da saifa da ɓargo, kaɗan kuma a cikin tsoka.

Jar ƙwayar jini tana yin kwana 120 ne a duniya. Idan ta tsufa, saifa da hanta suna farfasa ta, su cire ƙarfen, su mayar da shi ga ɓargo don a ƙera sababbi. Ta wannan hanya jiki yana sake amfani da miligiram 20 zuwa 25 na tsohon ƙarfe a kowace rana, kamar yadda maƙeri ke narka tsohuwar hauya ya fitar da sabuwa. Abin da ake asara kullum ɗan kaɗan ne, miligiram 1 zuwa 2, ta hanyar saɓar fata da ta hanji. Shi ne hanji ke maye gurbinsa daga abinci. Ko da mutum ya ci abinci mai miligiram 15 na ƙarfe a yini, abin da zai shiga jininsa bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma ba.

Babbar hanyar da ƙarfe ke fita da yawa ita ce zubar jini: al'adar mata, haihuwa, rauni, tsutsar ciki mai shan jini, da tsargiya da yara ke ɗauka a ruwan tafki. Ciki ɗaya kaɗai yana cin kusan miligiram 1000. Matar da ke haihuwa kusa da kusa ba ta samun lokacin cika rumbunta kafin wani cikin ya zo.

Mai gadin ƙofa yana cikin hanta

Shekaru da yawa masana sun san cewa jiki yana ƙara tsotsar ƙarfe in ya rasa, ya rage in ya ƙoshi, amma ba su san mai ba da umurnin ba. A shekarun 2000 da 2001 ne masu bincike a Jamus da Amurka da Faransa suka gano shi: wani ɗan ƙaramin sinadari da hanta ke fitarwa, aka sa masa suna hepsidin. A 2004 ayarin Tomas Ganz da Elizabeta Nemeth na birnin Los Angeles, tare da abokan aikinsu, suka nuna yadda yake aiki. A jikin ƙwayoyin hanji, da ƙwayoyin da ke ajiyar ƙarfe, akwai wata ƙofa mai suna ferofotin, ita kaɗai ce ƙarfe ke bi ya shiga jini. Hepsidin yana kama wannan ƙofa ya rushe ta.

Idan rumbun hanta ya cika, sai ta ƙara fitar da hepsidin, ƙofofi su rufe, ƙarfen abinci ya wuce ta bayan gida. Idan rumbun ya yi ƙasa, ko ɓargo yana gaggawar ƙera jini bayan an zubar da shi, sai hepsidin ya ragu, ƙofofi su buɗe.

Akwai abu na uku da ke sa hanta rufe ƙofa, shi ne ya fi shafar wannan yanki: ciwo mai zazzaɓi. Ƙwayoyin cuta, har da na masassarar cizon sauro, su ma suna buƙatar ƙarfe don su hayayyafa. Saboda haka idan cuta ta shiga, jiki yana ɓoye ƙarfensa, ya hana abokin gaba abinci. Yaron da ke kwance da masassara, ko an ɗura masa maganin ƙarfe, kaɗan ne zai shiga jininsa. Wani babban bincike da aka yi kan yara fiye da 24,000 a tsibirin Pemba na Tanzaniya, aka wallafa a 2006, ya nuna cewa raba ƙarfe ga dukkan yara a wurin da masassara ta yi yawa, ba tare da kariya ba, ya ƙara haɗarin kwanciya asibiti ko mutuwa. Tun daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a irin waɗannan wurare a haɗa ba da ƙarfe da rigakafin masassara da gwajinta da maganinta. Wannan dalili ne kuma ya sa a cibiyoyin kula da yara masu tamowa mai tsanani ba a fara ba yaro ƙarfe a kwanakin farko, sai ya farfaɗo ya soma cin abinci.

Ƙaranci ne ya fi yawa a nan

Kada a fahimci wannan bayani a karkace. Babbar matsalar Nijar ita ce ƙarancin jini. Binciken ƙasa kan al'umma da kiwon lafiya na 2012 ya nuna kashi 73 cikin 100 na yara ƴan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 46 cikin 100 na mata ƴan shekara 15 zuwa 49. Rashin ƙarfe a abinci yana cikin manyan dalilai, tare da masassara da tsutsar ciki da amosanin jini.

Hatsi da dawa da wake suna da ƙarfe, sai dai suna ɗauke da wani sinadari da ke riƙe shi ya hana hanji tsotsa. Ƙarfen nama da hanta da kifi ya fi shiga jiki da sauƙi. Ganyen zogala, wanda lambunan Jiratawa da na fadamar Gulbin Maraɗi har zuwa Tibiri ke cika kasuwannin birni da shi, yana taimakawa, musamman in an haɗa shi da abu mai bitamin C: lemun tsami, ɗanyen tumatir, gwaba ko garin ƴaƴan kuka. Jiƙa hatsi ko barin ƙullu ya yi tsami kafin a dama kunu shi ma yana sakin ƙarfen. Shayi kuwa akasin haka yake yi. Kofin shayi mai kauri da ake sha a fada ko a gida daidai bayan cin tuwo yana rage ƙarfen da jiki zai samu daga wannan abinci. Jinkirta shi da awa ɗaya ko biyu ya isa ya rage asarar. A 2018 kuma Nijar ta amince da wani irin hatsi mai suna Chakti, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta fitar, mai ƙarfe fiye da irin da aka saba shukawa.

Don haka ƙwayoyin da ake ba mata masu ciki a wurin awo ba abin tsoro ba ne. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe tare da sinadarin folik a kowace rana. Matar da ta ajiye su don suna sa ta tashin zuciya ko baƙin bayan gida, gara ta koma ta gaya wa unguwarzoma a sauya mata lokacin sha, maimakon ta daina.

Ciwon da ake gada

A wasu iyalai mai gadin ƙofar ne aka haifa da rauni. Hanta ba ta fitar da isasshen hepsidin, ƙofar hanji tana buɗe ko rumbu ya cika. Mutum yana tsotsar ƙarin miligiram kaɗan kowace rana, shekara da shekaru, har abin da ya taru ya kai giram 20 ko fiye. Sunan ciwon hemokuromatoz.

Likitan Faransa Armand Trousseau ya bayyana alamominsa a 1865, Bajamushe von Recklinghausen ya raɗa masa suna a 1889. A tsakiyar shekarun 1970 Marcel Simon na birnin Rennes ya nuna cewa gadonsa ake yi, kuma tushen yana kan sanda ta 6 cikin sandunan gado da ke cikin kowace ƙwayar halittar mutum. A 1996 masu bincike a Kaliforniya suka gano ainihin ƙwayar gadon, wadda ake kira HFE, da kuskuren da ke cikinta mai lamba C282Y.

Yadda ake gadonsa daidai yake da na amosanin jini, wanda jama'a ke kira emasi ko sikila. Kowane mutum yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai ɗauke da gurɓatacciya guda ɗaya lafiyarsa lau. Idan masu ɗauke da ita biyu suka yi aure, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya gaji biyun. Ko a cikin waɗanda suka gaji biyun ba kowa ke kwanciya ba. Maza sun fi kamuwa, galibi bayan shekara 40, mata kuwa al'ada da haihuwa suna rage musu nauyin har zuwa lokacin da jinin ya ɗauke.

Wannan kuskure na C282Y na mutanen arewacin Turai ne, inda kusan mutum ɗaya cikin 200 ya gaji biyun, ya fi yawa kuma a Ayalan da yankin Bretagne na Faransa. A tsakanin baƙar fatar Afirka ta Yamma da wuya a same shi. Amma akwai wasu kurakurai na daban, a ƙwayar gadon hepsidin kanta ko ta masu taimaka mata, da ke sa ƙarfe ya taru tun kafin shekara 30. Ba su da yawa a ko'ina a duniya, sai dai auren zumunta yana ƙara damar haɗuwar gurɓatattu biyu, kamar yadda yake yi a duk ciwon da ake gada ta wannan hanya.

Afirka tana da nata labarin. A 1929 wani likita mai suna Strachan ya ba da rahoton tarin ƙarfe a hantar baƙaƙen fata da suka rasu a Johannesburg. An daɗe ana ɗora laifin kan giyar gargajiya da ake dafawa a gangunan ƙarfe, domin tsaminta yana narkar da ƙarfen ganga ya shiga abin sha. A 1992 binciken Victor Gordeuk da abokansa kan iyalai a Zimbabuwe ya nuna cewa ba duk mashaya ne ke tara shi ba, abin yana bin dangi, alamar akwai hannun gado. A 2003 aka bayyana wani sauyi a ƙwayar gadon ferofotin, mai lamba Q248H, da ake samu a tsakanin ƴan Afirka da jikokinsu na Amurka. Yana iya ɗaga ma'aunin ƙarfe kaɗan, amma shi kaɗai ba ya isa ya kwantar da mutum. Ga mai lafiya, girki a tukunyar baƙin ƙarfe ba ya da haɗari. Yawancin tukwanen da ake zubawa a Maraɗi ma na alminiyom ne, ba sa ƙara wa abinci ƙarfe.

Ledar jini tana zuwa da kayanta

A Maraɗi, hanyar da ƙarfe ya fi taruwa a jikin mutum ita ce ƙarin jini a kai a kai, kuma masu amosanin jini ne a sahun gaba. Alƙaluman da hukumomin lafiya suka saba bayarwa sun ce kusan ɗan Nijar ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadon wannan ciwo, shi ya sa ƙasar ta kafa cibiya ta musamman dominsa a Yamai.

Jar ƙwayar jinin mai amosanin jini ba ta kai kwana 120, tana fashewa cikin kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa kullum yake a ɗashe. Amma ƙarfen ƙwayoyin da suka fashe bai bar jikinsa ba, yana nan ana juya shi. Rashin jininsa na saurin fashewa ne, don haka abin da likitoci suka fi rubuta masa shi ne folik, ba ƙarfe ba, sai in gwaji ya nuna ƙarfen ya yi ƙasa da gaske, abin da kan faru ga yaran da ba a taɓa ƙara wa jini ba.

Kowace ledar jini ta babban mutum tana ɗauke da miligiram 200 zuwa 250 na ƙarfe, wato abin da hanji zai tsotsa a cikin wata huɗu ko fiye. Wannan ƙarfe ta jijiya yake shiga, bai bi ta ƙofar hanji ba, mai gadi ba ya da ikon tare shi. Bayan leda 10 zuwa 20 rumbun yakan cika ya tumbatsa. Yaron da aka ƙara wa jini sau ɗaya ko biyu a damina saboda masassara ba ya cikin wannan haɗari, kuma bai kamata iyaye su ƙi ƙarin jini ba in likita ya ce a yi: a wannan lokaci rai ake ceto. Maganar ta shafi wanda ake ƙara wa shekara bayan shekara, mai amosanin jini ne ko mai ciwon ƙoda da ya daɗe.

Matsalar ita ce lissafi yana ɓacewa. An ƙara wa yaro jini a Madarunfa bara, bana a Gidan Runji, wata rana a babban asibitin Maraɗi, wani lokaci ma a Katsina in an je ganin dangi, kuma kowane wuri da takardarsa. In ba iyaye ne suka riƙe karne ɗaya da ake rubuta kowace leda da ranarta ba, babu likitan da zai san an kai guda nawa.

Ɓarnar da ba ta da ƙara

Ƙarfen da ya rasa wurin ajiya yana yi wa naman jiki abin da tsatsa ke yi wa kwano. Hanta ce ke fara ɗauka: ta kumbura, ta taurare, wani lokaci abin ya kai ga kansa. Wanda ke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yaɗu sosai a Nijar, ko mai shan giya, nauyi biyu ne a kan hantarsa. Ƙarfen yana lalata gaɓar da ke samar da insulin, ciwon sukari ya biyo baya. Yana taruwa a zuciya ya raunana ta ko ya rikita bugunta. Yana hana yaro girma da balaga a kan lokaci, ya rage wa namiji ƙarfin mazakuta, ya ɗauke wa mace al'ada. Akwai ciwon gaɓoɓi, musamman tushen yatsa manuniya da na tsakiya, da duhun fata da ba a cika lura da shi a baƙin mutum ba.

Alamar farko kuwa gajiya ce, irin gajiyar da mai ƙarancin ƙarfe ke ji. Nan ne haɗarin yake: ciwo biyu masu hannun riga da juna suna shigowa da fuska ɗaya, ido ba ya raba su. Awon hemogulobin da aka saba yi yana nuna ko jini ya yi ƙasa, amma ba ya faɗin dalili. Gwajin feritin ne ke nuna cikar rumbu. Ga wanda ake yawan ƙara wa jini, in ya zarce 1000 ya tsaya a can, likita yakan fara tunanin magani. Feritin yana hawa kuma in mutum yana da zazzaɓi ko ciwon hanta, don haka ana yin gwajin ne lokacin da jiki ya lafa, a maimaita shi kafin a yanke hukunci.

Magani ya bambanta. Mai ciwon gado irin na Turai jininsa cikakke ne, sai a riƙa ɗibar masa kimanin rabin lita a asibiti, da farko kowane mako, har rumbu ya sauka. In an gano da wuri, zai yi tsawon rai kamar kowa. Ƙahon wanzami ba ya maye gurbin wannan, domin ba a auna abin da ya fita, ba a kuma bin sa da gwaji. Mai amosanin jini kuwa ba a ɗibar jininsa haka, tun da dama bai ishe shi ba. Shi ana ba shi magungunan da ke kama ƙarfe su fitar da shi ta fitsari ko bayan gida: deferoxamine na allura, da deferiprone da deferasirox na sha. Suna da tsada, ana shan su wata da watanni, kuma sai da sa idon likita a kan ƙoda da hanta da ƙwayoyin jini. Ga yawancin iyalai, hana taruwar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da ya rage ga iyalai

Mai ciki ta sha ƙwayoyin awo kamar yadda aka ce mata. Yaron da ya ɗashe a kai shi cibiyar lafiya a gwada masassara tukuna, kafin a yi maganar ƙarfe, a kuma tabbatar ya karɓi maganin rigakafin da ake rabawa gida gida kowane wata a lokacin damina. Mai amosanin jini, da duk wanda aka ƙara wa jini sau da yawa, kada ya sha maganin ƙarin jini na kasuwa, kuma a duba takardar duk wani bitamin da aka kawo masa ko akwai « fer » a ciki. Namiji babba ko tsohuwar da ta daina al'ada, in gwaji ya nuna ƙarfensu ya yi ƙasa, a nemi inda jini ke zuba, ko gyambon ciki ne ko wani ciwo a hanji, domin ƙwaya za ta rufe alamar ne ta bar ciwon. A ɗaga ƙwayoyin ƙarfe sama inda hannun yara ba ya kaiwa: suna kama da alewa, kuma tafin hannu ɗaya yana iya kashe ƙaramin yaro.

Samari da ƴan mata su san nau'in jininsu kafin a sa ranar aure, domin raguwar yaran da ake haifa da amosanin jini ita ce raguwar masu buƙatar leda bayan leda. Masu ƙoshin lafiya kuma, musamman maza, ba da jini a cibiyar ƙarin jini ta jahar Maraɗi ba ya rage su da kome in sun kiyaye tazarar da ma'aikata suka ƙayyade: hanta tana sassauta hepsidin, ƙofar hanji ta buɗe, abin da aka bayar ya dawo cikin ƴan watanni. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassara ke cika ɗakunan yara, a lokacin ne aka fi buƙatarsu.